Daga Agege Zuwa Ewekoro: A Ƙirga Kogunan Dutse Kafin A Niƙe Su

Wanda ya tashi daga Agege ya kama tsohuwar hanyar Abeokuta, ya wuce Abule Egba da Sango Ota da Ifo, zai yi ta cin karo da tireloli maƙare da buhunan siminti suna gangarowa Legas, har ya hango dogayen bututun masana'antar Ewekoro a jihar Ogun. Tafiyar ba ta kai kilomita 60 ba. Tun shekarar 1960 ake fasa dutsen farar ƙasa a wannan wuri, a niƙa shi, a gasa, a ɗura a buhu. Direbobi da 'yan dako da masu buga bulo daga cikin Hausawan Agege sun san hanyar kamar yunwar cikinsu. Amma da wuya a sami wanda aka taɓa gaya wa cewa irin wannan dutse ne ruwa ke rarakewa a wasu ƙasashe ya zama kogo, kogon da jama'a ke yin layi su sayi tikiti domin su shiga su ba idonsu abinci.

Rashin sanin ba laifinsu ba ne, domin gwamnatin da ke ba da izinin fasa dutsen ma ba ta san shi da wani aiki ba sai siminti. Najeriya tana da dutsen farar ƙasa daga Sakkwato har Kuros Riba, an auna shi da tan, an zana iyakokinsa a taswira, an raba shi ga masu lasisi. Abin da ba a yi ba shi ne a ƙirga kogunan da ke cikinsa. Babu wani sanannen kundi na ƙasa da ma'aikaci zai buɗe kafin ya sa hannu a fayil, ya ga cewa a fili kaza akwai kogo, zurfinsa kaza, ga abin da ke cikinsa. Alƙalamin da ke yanke hukuncin ko kogo zai rayu ko zai shiga buhu kuwa yana Abuja, a hannun mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga kogo ba.

Dutsen farar ƙasa ya sha bamban da irin duwatsun da mazauna Abuja suka saba gani. Zuma da Aso narkakken dutse ne na cikin ƙasa da ya daskare, ruwan sama ba ya cin su sai kaɗan. Shi kuwa na farar ƙasa a ƙarƙashin teku yake taruwa, daga ƙwanson katantanwa da ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka kwanta a kan juna, nauyi ya danne su shekaru miliyoyi har suka ƙame. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sararin sama da kuma daga ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, sai ya yi ɗan tsami. Tsamin bai kai harshe ya ji ba, amma ya isa ya riƙa narkar da dutsen ta tsagoginsa, tsaga ta zama rami, rami ya zama lungu, lungu ya zama zaure. A Hausa jam'in kogo da jam'in kogi duk koguna ne, kuma a irin wannan dutse abin ya yi daidai, domin sau da yawa kogi ne ke gudana a ƙarƙashin ƙasa yana faɗaɗa kogon.

Idan ruwa ya janye, sai ɗigo ya ci gaba da aiki. Kowane ɗigo da ya faɗo daga rufin kogo yakan bar ɗan burbushin farar ƙasa a inda ya rabu da rufin, ya bar wani a inda ya sauka. Daga nan ne tsinayen dutse masu reto daga sama da masu tsirowa daga ƙasa suke samuwa, wasu har su haɗu su zama ginshiƙi. A yawancin koguna tsinin ba ya wuce kimanin santimita 10 a cikin shekara 1,000. Tsini mai tsawon taƙi guda ke nan ya girmi ganuwar Kano nesa ba kusa ba, kuma yaro mai ƙiriniya zai iya ɓalle shi da hannu ɗaya. Nakiya kuwa ba ta buƙatar ko daƙiƙa biyu.

Akwai wani abu game da dutsen Ewekoro da ya kamata ya ja hankalin Bahaushen Agege fiye da kowa. Shekarunsa kimanin miliyan 60 ne, kuma tsaransa shi ne dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato tun 1967. Masana duwatsu sun ga kamanni tsakanin halittun ruwan da suka ƙame a cikin duwatsun biyu, abin da ke cikin hujjojinsu na cewa a wancan zamani wani reshen teku ya ratsa Sahara daga arewa, ya bi ta ƙasar Sakkwato, ya sadu da tekun kudu. A cikin duwatsun da suka ɗan girmi waɗannan, a gabashin Sakkwato, an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin guza, aka raɗa mata suna Goronyosaurus daga sunan Goronyo. Farfesa Sylvester Adegoke ya wallafa cikakken nazari a kan halittun Ewekoro tun 1977. Basakkwacen da ke sayar da albasa a Agege, wanda ke ganin ya yi nisa da gida, yana zaune ne kusa da ɗaya bakin tekun da ya taɓa rufe garinsu. Wannan labari yana cikin littattafan jami'a, bai taɓa sauka a ajin firamare na Zangon Agege ba.

Dutsen Ewekoro a binne yake a ƙarƙashin laka, ba shi da kogon da aka buɗe wa baƙi. Legas ita kanta a kan yashi da fadama take kwance, ba ta da dutsen da ruwa zai rarake. Saboda haka magidancin Agege da ke son nuna wa 'ya'yansa kogo a hutun Sallah, mafi kusa da zai samu shi ne Dutsen Olumo a Abeokuta, mai tsayin mita 137, inda Egbawa suka fake a 1830. Lungunan da ke ƙarƙashin Olumo sarari ne tsakanin manyan duwatsu irin na Zuma, suna da tarihi, amma ba aikin ruwa ba ne. Idan ya nausa gabas akwai Ogbunike a jihar Anambra, inda ake sauka matakala 317, a cire takalmi kafin a shiga. Tun 2007 yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO a matsayin 'yan jiran gado, kuma har yau yana jira. Shi ma dutsen yashi ne. Kogunan Marshall guda 59 da ke Yankari mutane ne suka haƙa su da hannu. Tallace-tallacen yawon buɗe ido sukan kira kogon Awhum da na Ngwo a jihar Enugu kogunan farar ƙasa, alhali tuddan Udi da dutsen yashi da kwal aka san su. Ƙasar da ba ta tantance wa baƙo ko da irin dutsen da yake tsaye a ciki ba, ba ta fara wannan sana'a ba tukuna.

Inda masana suka daɗe da bayyana ainihin kogunan farar ƙasa shi ne Kuros Riba, a cikin dutsen Mfamosing da ya shimfiɗu ta ƙananan hukumomin Akamkpa da Odukpani, mai shekaru kimanin miliyan 100. Ɗaliban ilimin duwatsu sukan je can ganin ramuka da lunguna da ruwa ya sassaƙa. A wannan yanki ne kuma ɗaya daga cikin manyan masana'antun siminti na ƙasar nan take aiki tun 2009. Babu wanda ya karya doka da hakan. Matsalar ita ce dokar kanta ba ta san da kogo ba.

Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya danƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Dokar Ma'adinai da Haƙar Su ta 2007 ta kafa ofishin rajistar lasisi a Abuja, wanda ke bai wa wanda ya riga nema. Sashe na 3 na wannan doka ya lissafa wuraren da lasisi ba ya hawa kansu: gari, ƙauye, kasuwa, maƙabarta, wurin da jama'a ke tsarkakewa, wurin tonon tarihi, gefen layin dogo da hanya da madatsar ruwa, da duk wurin da ke ƙarƙashin dokar Hukumar Gidajen Tarihi ko ta gandun daji na ƙasa. Babu kogo a cikin jerin. Ogbunike zai tsira domin mutanen garin suna girmama shi. Zanen dutse na Birnin Kudu zai tsira domin an daɗe da ayyana shi kayan tarihi na ƙasa. Kogon da ke cikin daji, wanda ba a bauta a cikinsa, ba a yi masa gazet ba, kuma mafarauta kaɗai suka san bakinsa, a idon doka tan kaza ne na dutse.

Ɓangaren yawon buɗe ido kuma ba shi da ƙarfin da zai tsaya masa. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa kula da otal-otal da makamantansu hurumin jihohi ne. A 2023 aka kafa ma'aikatar yawon buɗe ido mai zaman kanta, a 2024 aka sake haɗe ta da ta al'adu. Jiha ke nan ke da hurumin tallata kogo, tarayya ke da hurumin ba da izinin fasa dutsen da kogon ke ciki, kuma babu teburin da dole fayilolin biyu su haɗu a kai. Duk wanda ya yi aiki a sakatariyar tarayya ya san makomar batun da ba shi da teburi.

Tarihi ya nuna abin da ake asara ta wannan hanya. A 1856 masu fasa dutsen farar ƙasa a kwarin Neander, kusa da birnin Dusseldorf na Jamus, suna kwashe laka daga wani ƙaramin kogo suka ci karo da ƙasusuwa, suka watsar da su waje. Wani malamin makaranta mai suna Johann Carl Fuhlrott aka kai wa abin da aka tsinto, ya gane cewa ba na dabba ba ne. Waɗannan ƙasusuwa ne suka sa sunan kwarin ya shiga kowane littafin nazarin mutanen da. Kogon kuwa aka ci gaba da fasa shi har ya ƙare ƙurmus. Sai a 1997 da 2000 masu bincike suka gano inda aka zubar da lakar, suka tace ta, suka sami gutsattsarin da suka dace da ƙashin da aka ɗauka shekara 140 kafin nan. Jamus ta gina gidan tarihi a kwarin, amma ba ta da kogon da za ta nuna.

A Afirka ta Kudu abin ya zo da sauƙi, domin akwai masu sa ido. A 1924 aka aika wa Raymond Dart, malamin jami'a a Johannesburg, akwatunan duwatsu daga wurin fasa farar ƙasa na Taung, ya sami ƙoƙon kan da masana suka ƙiyasta shekarunsa da fiye da miliyan biyu. Kogunan Sterkfontein, waɗanda masu neman farar ƙasa suka fara buɗewa da nakiya, sun shiga jerin UNESCO a 1999, kuma yau 'yan makaranta ke cika su. A wurare biyun masu fasa dutse ne suka fara gani. Bambancin ya zo ne daga wanda aka kai wa labari, da lokacin da aka kai. Najeriya ma ta ɗanɗana irin wannan: a 1965 Thurstan Shaw ya tono ƙasusuwan mutum masu kimanin shekara 13,000 a mafakar dutse ta Iho Eleru a jihar Ondo, waɗanda ke cikin mafi tsufa da aka samu a Afirka ta Yamma.

Masu cewa siminti ya fi kogo muhimmanci suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Dattawan Legas ba su manta da 1975 ba, shekarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da simintin waje suka toshe tashar Apapa, wasu suka yi watanni har kayan ya daskare a cikinsu. Masana'antun Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato da Ashaka da Gboko, da manufar 2002 da ta tilasta wa masu shigo da siminti su zuba jari a gida, da Obajana da Ibese da suka biyo baya, su ne suka fitar da ƙasar daga wannan kunya. Dubban gidaje ke ci daga nan, cikinsu har da na Agege. Mai haya da ke fama da mai gida, ko matashin da dokar hana acaɓa ta 2022 ta raba da abin yi, idan aka ce masa a dakatar da fasa dutse saboda jemagu, zai yi tsaki, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Sai dai babu wanda ya ce a dakatar. Kogo ɗan ƙaramin yanki ne a cikin fili mai faɗin gaske. Dutsen da za a bari a kewaye da bakin kogo guda bai kai ya taɓa farashin buhu ba, kuma kamfanin da ya san inda kogo yake tun kafin ya kafa injinansa ya fi wanda zai ci karo da shi a tsakiyar aiki kwanciyar hankali. Akwai kuma batun ruwa, wanda ya wuce sha'awar kallo. A ƙasa mai dutsen farar ƙasa, ruwa yana gudu ta ramuka ba tare da yashi ya tace shi ba, don haka abin da aka zubar a rami yau yana iya fitowa a idon ruwan wani ƙauye cikin kwanaki kaɗan, kuma fasa hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa yana iya busar da rijiyoyin da ke nesa da wurin. Sanin inda kogo yake sanin hanyar ruwan sha ne.

Labanan ta fahimci haka. Kogon Jeita, arewa da Beirut da tafiya kaɗan, yana da tsawon kimanin kilomita 9. Baƙi suna shiga kogon ƙasa a kwalekwale, su zagaya na sama da ƙafa, an hana ɗaukar hoto, kuma kogin da ke fitowa daga cikinsa yana shayar da babban ɓangare na Beirut. Yaƙin basasa ya rufe shi shekaru, aka sake buɗe shi a 1995. Sulobeniya kuwa, ƙasar da faɗinta bai wuce na jihar Kano da wani abu ba, tana da rajistar koguna sama da 13,000, kowanne da lambarsa, tana kuma da dokar kare su ta musamman. Kogonta na Postojna ya fara karɓar baƙi a 1819, aka sa masa layin dogo a ciki a 1872, aka ja masa lantarki a 1884, kuma dubban ɗaruruwa ke ziyartarsa a shekara. 'Yan kaɗan ne daga cikin kogunan ƙasar aka buɗe wa jama'a. Sauran an ƙirga su ne kawai an bar su. Ko a nahiyar nan, Habasha tana da Sof Omar mai tsawon kilomita 15, wanda aka sa wa sunan wani shehi, Tanzaniya tana da Amboni kusa da Tanga.

Ƙirga ya kamata ya zo kafin buɗewa, domin buɗe kogo ba tare da sani ba wata hanyar lalata shi ce. An san yadda irin wannan aiki ke farawa idan ya shiga kasafi: kwangilar ƙofa, kwangilar shinge, fenti, allo mai hoton gwamna, sannan a manta. Faransa ta buɗe kogon Lascaux a 1948, numfashin baƙi da ɗumin fitilu suka sa gansakuka ta fara cin zanen da ya yi dubban shekaru lafiya lau, dole aka rufe shi a 1963, aka gina wa masu kallo kwaikwayonsa a kusa. Hannu ɗaya mai maiƙo da ya shafa tsinin dutse yana iya tsayar da girmansa. Ga kuma haɗarin rai. A 2018 yara 12 da kocinsu suka maƙale fiye da mako biyu a kogon Tham Luang na Tailan, saboda ruwan sama ya cika hanyar fita a bayansu, kuma wani mai ninƙaya ya rasu wajen ceto su. A 2008 wata 'yar yawon buɗe ido daga Holan ta mutu da cutar Marburg bayan ta shiga kogon jemagu a Yuganda. A Ogbunike ma masu bincike sun gano wata ƙwayar cuta dangin funfuna a cikin ƙasar da kashin jemage ya gauraya da ita. Maganin wannan shi ne ɗan jagora mai horo, da rufe kogo a tsakiyar damina, da ƙayyade inda baƙo zai taka. Kashe jemagu ba magani ba ne, su ke cinye ƙwari, su ke yaɗa irin itatuwa.

Saura tambayar da akan yi a ɗakin taro: wa zai je? A nan ne masu tsara manufa suka fi kuskure, domin idan aka ce ɗan yawon buɗe ido, Bature mai jaka a baya suke hangowa. Hausawan Agege matafiya ne tun asali. Goro da layin dogo ne suka tara su a can, layin da ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma tun daga lokacin ba su daina kai da komo ba. Kowace shekara alhazai daga Agege da Idi-Araba da Mile 12, cikinsu har da dattawa masu ciwon gwiwa, suna hawan Dutsen Nur a Makka na kusan awa guda domin su leƙa Kogon Hira, ba tare da wani ya wajabta musu ba. Mutanen da ke karanta Suratul Kahfi kowace Juma'a ba sa buƙatar a koya musu cewa kogo abin sha'awa ne. Makarantun Islamiyya da na boko a unguwannin nan suna ɗaukar hayar bas su kai yara Badagry ko gidan tarihi na Onikan. Tun 2021 sabon jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan yana da tasha a Agege, layin kuma ya bi ta Papalanto, maƙwabciyar Ewekoro. Baƙon yana nan, da kuɗin motarsa a aljihu. Abin da ba a tanadar masa ba shi ne wurin zuwa, da wanda zai yi masa bayani da harshen da yake ji.

Ewekoro na iya ba shi wurin zuwa ba tare da kogo ba. Bayan shekara 60 da ɗoriya ana haƙa, akwai ɓangarorin da aka gama da su. Bango guda na tsohon rami, a gyara shi, a yi masa matakala da shinge, yaro ya ga katantanwar teku a maƙale cikin dutse a wurin da babu teku, ya taɓa ta da yatsa. Ingila ta yi haka a Wren's Nest da ke Dudley, tsohon wurin fasa farar ƙasa da aka mayar wurin kariya na ƙasa a 1956 saboda halittun da ke cikin dutsensa. Dokar 2007 ta riga ta wajabta wa mai lasisi yarjejeniyar raya al'ummar da ke kewaye da shi, ta kuma wajabta masa gyara wurin da ya haƙa. Babu abin da ya hana irin wannan bango ya shiga cikin yarjejeniyar, a Ewekoro ko a Kalambaina. UNESCO tana da tsarin wuraren shaƙatawa na duwatsu, Maroko ta shiga da M'Goun, Tanzaniya ta shiga da Ngorongoro Lengai a 2018, Najeriya ba ta da ko ɗaya.

Aikin da ke kan teburin Abuja bai kai a jira sabuwar doka ba. Hukumar Binciken Ƙasa da Duwatsu, wadda asalinta ya koma 1919, tana da ma'aikata da taswirori. Hukumar Gidajen Tarihi tana da ikon ayyana wuri. Jami'o'in Kalaba da Ibadan da Sakkwato da Jos suna da ɗaliban da ke fita aikin fili kowace shekara, kuma mafarauta da masu unguwanni sun san bakin kowane rami a dajinsu. Abin da ake buƙata shi ne a tattara wannan sani wuri guda, a ɗora shi a kan taswirar kwamfuta da ofishin lasisi ke amfani da ita, ta yadda idan mai nema ya zana filinsa, kogon zai bayyana a gaban jami'in da zai sa hannu. Ma'aikatar Muhalli, wadda ke tantance illar manyan ayyuka a ƙarƙashin dokar 1992, za ta iya ƙara tambaya guda a cikin sharuɗɗanta ga duk mai neman fasa farar ƙasa: akwai kogo ko hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa a filin, kuma wa ya duba? Sharaɗi na biyu shi ne, idan nakiya ta buɗe zaure a tsakiyar aiki, a tsaya a wannan kusurwa na 'yan kwanaki har masana su leƙa, tare da tabbatar wa kamfani cewa bayar da rahoto ba zai zama sanadin ƙwace masa lasisi ba. In ba a ba shi wannan tabbaci ba, shugaban ma'aikata zai yi abin da kowa zai yi, ya rufe ramin kafin gari ya waye.

Irin waɗannan layuka mataimakan ministoci da daraktoci ne ke rubuta su a cikin takardar da maigida zai karanta a mota. Kuɗin ƙirgar bai kai na taron bita guda a otal ba, kuma yana iya shiga kasafin hukumar binciken ƙasa a zagaye na gaba. Wurin da ya kamata a fara shi ne Mfamosing, domin can ne aka tabbatar akwai koguna, can ne kuma ake fasa dutse a yanzu. Bayan nan sai Kalambaina da Ashaka da Gboko da Nkalagu, sannan Ewekoro da Ibese, inda tirelolin da ke bi ta Agege suke ɗauko kayansu.